Riɗin Inna da Shafin da Ban Rubuta Ba

Maƙwabciyata a Gumel kantun riɗi take yi na sayarwa, kuma ba ta da ranar hutu. Da hantsi, in ta zuba riɗin a kasko ya fara tsalle yana ƙara, ƙamshin yakan tsallako katanga ya same ni duk inda nake a cikin gida. Jikokina sukan ce yunwa yake sa su. Ni kuwa gida yake mayar da ni, ƙauyenmu da ke gaba da Ɗanzomo kaɗan a ƙasar Sule Tankarkar, can bayan dangarmu, inda na yi ɓarnar da ta fi kowace ɓarna a ƙuruciyata. Daga baya na mayar da ɓarnar littafin yara mai hotuna, na buga shi da kaina. Labarin shafin ƙarshe na wannan littafi nake so in ba ka, mai karatu, domin saura kaɗan in yanke shi in jefar saboda tsoron abin da zai yi wa yayata.

Mu biyu ne mata a wurin Inna kafin maza su biyo baya. Yaya ce 'yar fari, ta ba ni shekara uku. In kai ɗan yanzu ne sai na tsaya na yi maka bayani, don na lura yaran da nake koyarwa ba su san wannan ba. A lokacinmu uwa kunyar ɗanta na fari take ji. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa, in ya faɗi a gabanta sai ta kau da kai ta bar wani ya ɗaga shi. Ba ƙiyayya ba ce, kara ce take yi wa iyayen miji da nata iyayen, kada a ce ta yi rawar kai da haihuwa. Da an yaye yaro kuma, kaka ce mai shi. Haka aka yi wa Yaya. Ranar da aka cire ta daga nono aka tsallakar da ita ɗakin Iya, mahaifiyar Baba. Tsakanin ɗakin Iya da na Inna bai fi taku goma ba, turmi ne kawai da randa a tsakani.

Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya a bakin Inna ba. In tana magana da wasu, 'yar Iya take ce mata. In kuwa aike ne, sai ta ce "Ke" tana kallon wani wajen. Akwai wata mai tallan daddawa da ke da suna irin na Yaya, ita ma albarkacin haka ta rasa sunanta a gidanmu, ta koma mai sunan 'yar Iya. Ni ko da na zo ta biyu, sai aka juye mini duk abin da aka tara. Inna ta goya ni har ƙafafuna suna dukan cinyoyinta, ta yi mini kitso ina kwance a jikinta, ta sa sunana a waƙar daka. Ban ga laifin wannan tsari ba ko kaɗan, tunda ni ce mai cin moriyarsa.

Kada ka ɗauka Yaya ta tashi a wulaƙance. Iya 'yar gajeruwa ce, mutuniyar Damagaram, bakinta ja da goro, faɗanta ya fi jikinta girma, amma in aka zo kan Yaya sai ta yi sanyi lakwas. Ƙanzon tuwo na Yaya ne, man da ya taru a saman kindirmo na Yaya ne. Da aka zo rubuta yara makarantar boko, wadda Iya ke kira lakwal irin na mutanensu, sai ta cusa Yaya cikin rumbu, ta zauna a gindinsa tana kaɗi, ta ce jikarta ta yi tafiya. Ni aka tarar a tsakar gida ina cin gyaɗa, aka rubuta ni. Abin da ya sa ke nan yau nake rubuta littafi, Yaya kuwa sai dai a karanta mata.

Ɗaki daban muke kwana, amma a ɓarna kanmu ɗaya. Ni ce mai kawo shawara, Yaya ce mai hannu. Wata shekara bayan an gama ɓarar zoɓo, muka tattara ragowar da aka watsar muka jiƙa a ƙwaryar Iya, muka kama farin ɗan akuyar Baba muka yi masa wanka. Ya fito jawur har kunne. Uwarsa ta shinshina shi ta tunkuɗe, kwana biyu tana gudunsa. Baba ya ɗaga tsumagiya, dariya ta ci ƙarfinsa, ya yar da ita ya shiga zaure yana tari. Irin wannan ɓarna ce da akan yafe kafin a ci tuwon dare. Ta riɗi ba haka take ba.

Inna tana da 'yar gona tata ta kanta a bayan danga, riɗi take shukawa duk shekara. Tsakanin daka da girki take satar lokaci ta yi noma ta yi maimai, kuma daga wannan riɗi sabulunmu da man shafawarmu da zannuwan salla suke fitowa. Shi riɗi lallaɓa shi ake yi. Tun kwansonsa bai buɗe ba ake yanke shi, a ɗaure dami-dami, a jingina kawunan da juna a tsaye, a bar rana ta ƙarasa aikinta. In ya bushe kowane kwanso sai ya buɗe baki sama, ƙwayar na zaune a ciki tana jiran abin da zai girgiza ta. Sai an shimfiɗa tabarma sannan a kifa dami a hankali a kakkaɓe. Kafin ranar nan ko kaza ba a bari ta gifta wurin, domin ƙasarmu rairayi ce zalla, abin da ya zube a cikinta ya shige ke nan.

A shekarar da nake ba ka labari riɗin ya yi kyau ƙwarai. Inna ta jera dammunan layi biyu suna jingine da juna, sai ƙarƙashinsu ya zama wani dogon lungu mai duhu. Damina ta ɗauke, rana tana dukan ƙasa har tafin ƙafa ba ya zama wuri ɗaya, ga kuma wannan inuwa tana kirana. Na ce da Yaya mu shiga mu mayar da shi ɗakinmu. Ranar ce ta farko da ta ƙi shawarata. Na yi ta naci, na ce zan daina kula ta, har ta gaji ta ce in shiga in fito kada in taɓa komai, ita za ta tsaya gadi. Na rarrafa na shiga. Har yanzu ina tuna sanyin rairayin a gwiwata, da ƙamshin busasshen kara, da 'yar ƙarar da kwanson ke yi a saman kaina in na ja numfashi. Ina cikin jin daɗina sai ƙadangare ya faɗo mini a wuya. Na miƙe tsaye da ihu. Damin farko ya ture na biyu, na biyu ya ture na uku, sai na ji wani shuuu kamar ruwan farko a kan zana. Riɗin Inna na shekara guda ne yake tsiyaya cikin rairayi.

Inna ta fito da gudu ko mayafi babu. Ta yaye karan da ya rufe ni, ta ciro ni, ta kira sunana sau uku, ta kakkaɓe ni, ta buɗe idanuna ta duba ko wani abu ya shiga. Yaya tana tsaye a gefe hannuwanta a baya. Ba wanda ya tambaye ta, amma ta ce, "Ni ce." Inna ba ta dube ta ba. Ta saɓa ni a baya, ta daɗe tana kallon gonar, sannan ta ce, "Ke, ɗauko rariya da faifai." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba duka, ba faɗa. Da na girma na yi ta tunanin da dukanta ta yi da ya fi wa Yaya sauƙi, ko ba komai hannun Inna ya sauka a jikinta. A lokacin dai ni murna nake yi na tsira, na lafe a bayan Inna na yi shiru.

Kwana huɗu suna wannan aiki a inuwar rumbu. Su kwaso rairayi a ƙwarya, su zuba a rariya, ƙasa ta zube ƙwaya ta tsaya, sannan Inna ta bakace a faifai. Suna zaune kusa da juna, ba mai ce wa wani uffan, sai ƙarar rariya. Ni nakan zo in girgiza sau biyu in ce hannuna ya gaji in gudu. Abin da suka ceto bai wuce rabi ba. Sallar shekarar Inna ta ɗinka mana, ita kuwa tsohon zanenta ta wanke ta ɗaura. Ban taɓa buɗe baki na ce ni ce ba, Yaya ma ba ta taɓa yi mini gori ba.

Shekaru suka tafi. Aka kai Yaya wani ƙauye a ƙasar Gagarawa, ni na wuce kwalejin horon malamai, na yi aure a Gumel. Iya ta rasu, Baba ya bi ta bayan 'yan shekaru, Allah ya jiƙansu. Da na yi haihuwar fari Yaya ce ta zo ta zauna mini wankan jego. Ni 'yar boko, ban ma yi tunanin wata kunya ba. Ina ta kiran sunan jaririyata, ina sumbatar ƙafarta a gaban kowa. Wata safiya Yaya ta sauke tukunyar ruwan zafi, ta tsaya tana kallona, ta yi dariya ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki, ba ki da ta-ido." Can kuma dariyar ta ɗauke, ta ce, "Ki riƙe ta haka ɗin. Ni ban san ɗumin jikin Inna ba, ko sau ɗaya." Ta ɗauki ganyen darbejiya ta ce in taso ruwa zai huce. Maganar ta zauna mini a ƙirji fiye da shekara ashirin, kuma duk lokacin da na tuna ta sai in ji kamar rabonta na cinye.

Rubutun littafi kuwa jikokina ne suka jawo shi. Tatsuniya ta ishe su, labarin ɓarnar da muka yi ni da Yaya suke so, su ji cewa wannan tsohuwa mai hana su hawa katanga ta fi su rashin ji. A makarantar firamaren da nake koyarwa akwai wata abokiyar aikina, malamar zane, Kirista ce daga wajen Jos, mijinta ma'aikaci ne a sakatariya. Sun fi shekara ashirin a Gumel, in tana ciniki a kasuwa Hausarta ta fi tawa kaifi. Ita ta ce in rubuta ta zana. Muka fara da labarin ɗan akuya, muka kai wani shago kusa da tasha aka yi mana hoton takardun aka ɗinke da waya. Injin ba ya fitar da launi, sai ɗan akuyarmu ja ya fito baƙi ƙirin. Muka raba wa yara jan fensir, kowa ya gyara nasa. Sun fi son sa a haka, amma ni abin ya tsaya mini a rai.

Saboda haka da muka zo na biyu, labarin riɗi, na ce sai Kano, a buga shi da launi yadda ya kamata. Kuma na rubuta gaskiya, cewa ƙaramar ce ta ture, babbar ta ɗauki laifi. Niyyata in roƙi gafarar Yaya a takarda, tunda baki ya gagara. Duk Asabar da la'asar muna barandar malamar zane, ita tana zane ni ina mita. Ta zana rumbu irin na garinsu, na ce a sake. Ta zana dammunan riɗi kamar na dawa, na samo mata kara guda daga gona ta gani. Kitson Yaya, tsagen fuskar Inna, har karkacewar dangarmu, ba wanda ban sa baki ba. Labarin ya ƙare a shafi na ashirin da uku da jimla ɗaya: Inna ta yafe musu. Na duba kowane shafi da idona kafin mu tura.

Ina tsakiyar duba takardun jarrabawa mai buga littafin ya kira ni daga Kano. Ya ce shi shafuka huɗu-huɗu suke tafiya a injinsa, namu kuma ashirin da uku ne, saura ɗaya fari fat, me zai sa? Kaina ya ɗauki zafi da makin yara, na kira malamar zane na ce, "Cike shi da abin da kika ga ya dace, ki tura masa." A zuciyata fure nake nufi, ko kazar da muka sa a bangon littafin.

Ranar da kwalayen suka iso a motar Kano, nan take na yanke igiya. Na ciro guda, na shinshina shi, na yi ta buɗawa ina murmushi ni kaɗai. Ƙadangaren ya fito, ni ma na fito da ƙaton kai da baki a wangame. Sai na juya shafin ƙarshe. Ga Inna zaune a inuwar rumbu ta miƙe ƙafafu, ga rariya a gefe. Ga Yaya kwance ta ɗora kai a cinyar Inna ta dama, idonta a rufe, tafin Inna a kan kitsonta. Ni ma ina ciki, can a gefe ina leƙe. Ba rubutu ko ɗaya. Hoton ya fi duk sauran kyau, kuma na san ƙarya ne.

Ko mayafi ban daidaita ba na isa gidan malamar zane. Na buɗe mata shafin na ce, "Malama, me ya sa kika yi mini haka? 'Yar fari ce fa." Ta dube ni ba ta gane ba. Na yi mata bayanin da na yi maka ɗazu. Ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, na sha jin ana cewa kunyar ɗan fari, na ɗauka suna ne kawai ba a faɗa. Ni gani na yi yarinyar da ta ɗauki laifin da ba nata ba, ai ita ya kamata a rarrasa." Ban iya yi mata faɗa ba, don ni na ce ta cike.

Kunyar da Inna za ta ji in matan ƙauye suka ga hoton ta dame ni, amma ba ita ce babba ba. Yaya nake ji. Na tashi in roƙi gafararta, ga shi na zana mata abin da ta rasa duk rayuwarta, da launi, na buga shi kwali-kwali don kowane yaro ya gani. Na ɗauki reza na yanke shafin daga littafi guda. Ina ɗaga shi sai shafin farko ya zame ya faɗo ƙasa, ashe takarda ɗaya ce aka naɗe, in ka cire ƙarshe farko ma ya tafi. Na gwada manna farar takarda a kai, na ɗaga a rana, ga Inna da Yaya nan suna nunawa ta ciki. Daga ƙarshe na yanke shawara in raba shi a makarantun Gumel da Maigatari kawai, gida kuwa kada ya taka.

Na manta da maigidana. Shi mutum ne da ba ya iya riƙe abin alfahari ko na yini ɗaya. Ashe tun washegari ya ba wani mai babur ɗauri guda ya kai wa surukarsa, ta ga aikin 'yarta. Ban sani ba sai ranar Juma'ar da na je gida duba Inna, wadda muka shirya da Yaya ita ma za ta zo daga Gagarawa. Na yi sallama da hantsi, na tarar da Inna a kan tabarma a inuwar ɗakinta, littafin yana kan ƙafarta a rufe. Yaya tana can nesa kaɗan a kan kujera 'yar tsuguno, kamar kullum, tana yanka kuɓewa a faifai. 

Bayan mun gaisa Inna ta miƙo mini shi ta ce, "Malama, an ce kin sa mu a takarda. Na hana yara buɗewa sai kin zo. Karanta mana mu ji ƙaryar da kika yi." Tun da aka cire mata yanar ido ba abin da ke wuce ta, don haka ba halin in tsallake komai. Na zauna a gabanta ina karantawa ina nuna hoto. Suka yi dariyar ƙaton kaina, Yaya har da share hawaye da bayan hannu. Da na zo inda aka ce ƙaramar ce ta ture, na kasa duban Yaya. Inna ta ce, "Wannan kuma wa bai sani ba? Kwana uku ina tsince riɗi a kitsonki." Yaya ta ce, "Shi ne kika ɓata takarda a kai? Ai ya wuce tun ranar." Na karanta jimlar ƙarshe da sauri, na rufe littafin na ce shi ke nan.

Inna ta ce, "Akwai saura, na ga takarda ɗaya ba ki juya ba."

Na juya. Ta karɓa ta kawo shi kusa da fuskarta, ta daɗe. Yaya ta ɗan miƙo wuya ta gani, sai ta mayar da kanta kan faifai, wuƙar ta ci gaba da tafiya amma a hankali. Na fara zuba bayani, cewa abokiyar aikina ce ta zana, ba 'yar nan ba ce, ba ta san al'ada ba, a yi haƙuri, in za a sake bugawa za a cire.

Inna ta ce, "Ta yi kuskure kam." Ta ɗora yatsa a kan hoton. Ni take kallo, da ni take magana, ko sau ɗaya ba ta waiwaya inda Yaya take ba. "Ba a nan take ba. A hagu na ɗora kanta, don da hannun dama nake girgiza rariya. Rana ta uku ce, Alhamis, malam babanku ya tafi kasuwar Maigatari, Iya ta ɗauke ki kun tafi gidan suna. Barci ya kwashe ta tana cikin aiki, kumatunta a kan rairayi, ga tururuwa. Na duba gabas na duba yamma, ba kowa." Ta shafa gwiwarta. "Har ƙafar nan ta mutu ban motsa ba. Sai da na jiyo muryar Iya a ƙofar gida na zame, na tura mata gammo. Nauyin kai gare ta, tun tana ciki."

Wuƙar Yaya ta tsaya. Ba ta ɗago ba. Na ga ɗigo biyu sun sauka a kan kuɓewar, ta sa yatsa ta juya su ciki. Can ta miƙe ta ce bari ta ba awaki ruwa, ta zagaya bayan ɗaki, ta daɗe ba ta dawo ba. Inna ta rufe littafin ta tura shi ƙarƙashin tabarma, ta tambaye ni ko gero ya sauko a Gumel. Na amsa mata, ban san me na ce ba. Farin ciki da tausayi suka haɗu mini, kuma na san in na yi kuka a wurin na ɓata musu abin da su biyun suka iya riƙewa.

Da la'asar Yaya ta raka ni bakin hanya inda masu babur ke tsayawa. Duk tafiyar maganar jikokinta take yi da tsadar taki. Sai da na hau, mai babur ya tayar, sannan ta kama gefen mayafina ta ce, "In za a sake bugawa kada ki cire. Ki dai gaya wa matar nan hagu ce, kada ta manta."

An sake bugawa bara, malamar zane ta gyara, tana zane tana jan hanci. Yaran da ke karanta shi yanzu ba sa tsayawa a shafin ƙarshe, uwa ce da 'yarta, me ke ciki? 'Ya'yana suna kiran 'ya'yansu na fari da suna tun daga bakin ƙofa, suna ɗaukarsu hoto a waya suna tura wa duniya, kuma ina jin daɗin haka, ba na fatan waccan kunya ta dawo. Amma na daina yi wa matan lokacin Inna kallon masu taurin zuciya, domin yanzu nakan tambayi kaina sau nawa suka duba gabas da yamma ba mu sani ba. Har yau Inna ba ta faɗi sunan Yaya ba, kuma na san ba za ta faɗa ba. Sai dai yanzu in mun haɗu a gida, Yaya ba ta ɗaukar kujera. Tabarmar Inna take hawa da faifanta, ta zauna ta gefen hagu har kafaɗarsu tana taɓa juna, su yi ta aikinsu ba mai kallon wani.